Wa Zai Amsa Huɗu?

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 2:10 na rana

A bayan littafin awon kwastomomi nake wannan rubutu, don shi kaɗai ne Yaya ba ta buɗewa. Komai na gidan nan ta buɗe, har tukunyar da ke kan wuta.

Kwana goma sha shida ke nan da Talatar nan. Ba zan rubuta abin da ya faru ba, na gani da idona, ya ishe ni. Shekaranjiya aka sallamo mu daga asibiti. Mijina, Injiniya, na kwance a ɗaki, fuska ga bango. Duk wanda ya shigo dubiya sai in ce lafiya lau, da sauƙi sosai, barci yake yi.

Yaya, babbar yayarsa, ta tare mana tun ranar farko. Yau da safe ta leƙa ƙaramin ɗakin nan na kusa da banɗaki, ta riƙe haɓa. Ta ce, "Amarya," shekara ashirin da biyu da aure har yau Amarya nake a bakinta, "wannan tarkacen wasan yaran a kwashe shi, a sa masa gado a nan."

Na ce, "Yaya, ba tarkace ba ne. Jirgi ne."

"Jirgi a ɗakin ajiya? Allah ya ba ku lafiya ku biyun."

To ta ina zan fara mata bayani? Mutumin da ke wuni yana gyaran firijin mutane, da hannunsa ya sayo kujerar tsohuwar mota ya kafe ta a kan katako. Sandar tuƙi a dama, totur a hagu, feda biyu a ƙasa, allon kwamfuta uku a gaba. Duk Asabar ƙarfe huɗu da rabi su takwas suke haɗuwa ta intanet, kowa daga garinsa, su tuƙa jiragen yaƙi su kara da wata ƙungiya. 'Yan Tsattsewa suke kiran kansu. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba, amma in ɗaya ya yi atishawa sauran bakwai sun san ko wane ne. Injiniya shi ne Huɗu, shekara shida cur.

Ɗazu saƙo ya shigo wayarsa daga Jagoransu, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya amma dokarsa ba ta yi ba: "Huɗu, Asabar biyu ba mu gan ka ba. Ka san doka. Ta uku, lamba ta koma hannun mai jira."

Na karanta masa. Na ce, "Bari in gaya musu kawai." Ya damƙi wuyan hannuna da hannun hagu har sai da na ji ƙashina. Ya ce, "A'a." Kalma biyu ke fita yanzu, a'a da to. A'a ta fi yawa.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Lafiya lau muke. Ya ci cokali biyar.

Juma'a, ƙarfe 5:30 na yamma

Ya ce kar a gaya musu. Bai ce kar a tuƙa ba.

Shekara huɗu yana koya mini duk Lahadi, ni da kwamfuta, ba cikin mutane ba. Ya sha cewa ƙafata ta fi tasa iya feda, tunda tun ina shekara goma sha uku nake taka keken ɗinki. Ni ce na ƙi shiga taronsu, na ce ba ni da lokacin sauraron garada takwas suna ihu a kunnena.

In lambar nan ta tafi, me zai tashi ya yi? Shago dai ba yanzu ba. Na san mijina. Ba gado kusa da banɗaki zai tashe shi ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 7:15 na yamma

Na yi. Na tuƙa a madadinsa.

Suna da wata al'ada kafin tashi. Jirage takwas su jeru a bakin titi, injina na ruri, sai Jagora ya ce, "Tsattsewa, kira." Shi ya ce Ɗaya, na gaba ya ce Biyu, haka har Takwas, kowa da muryarsa. Ba a tsallake kowa. In kira ya tsinke a kan wani, a koma farko. Sau uku ake komawa, bayan nan an ɗauka ba ka zo ba. Wanda makirfonsa ya lalace an yarda ya rubuta lambarsa. To makirfon Huɗu ya lalace yau. Ni na lalata shi, da yatsa ɗaya na cire wayar.

Ɗaya. Biyu. Uku. Na rubuta Huɗu. Jagora ya ce, "An gani." Biyar ya ɗora.

Aikin Huɗu shi ne tsare bayan Uku, haka littafin dokarsu ya ce, ni kuwa abin da aka rubuta nake bi. Na manne wa Uku kamar zare da allura. Ya yi dama na yi dama, ya nutsa na nutsa. Can wani ɗan ɗaya ɓangaren ya zagayo ta bayansa yana lallaɓowa. Na sakar masa makami biyu, ɗaya ya tafi gaisar da gajimare, ɗayan ya sa shi juyawa ba shiri. Muka dawo, na sauke jirgi a hankali, ko girgiza bai yi ba, ga mai fiye da rabin tanki.

Can Biyu, mai gidan burodi ne shi, bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Huɗu, kai ne kuwa? Da tayoyinka uku duka ka sauka?" Suka kwashe da dariya. Na rubuta "Alhamdu lillahi", na kashe.

Ina juyowa na ga Injiniya a bakin ƙofa, ya riƙe katakon ƙofar, gumi na zuba. Yaya na bayansa tana salati. Daga gadonsa zuwa nan taku goma sha ɗaya ne, kuma ba wanda ya riƙo shi. Ƙarar injin ya ji.

Kallon da ya yi mini, da wuƙa ce da yanzu ana zaman makokina. Ya ce, "A'a."

Na ce, "To zo ka tashe ni."

Bai iya ba. Ni da Yaya muka mayar da shi.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Ba ya kallona. Oho dai. Taku goma sha ɗaya.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 11:40 na safe

Ashe na yi ɓarna ban sani ba.

Jagora na da rajista da yake sakawa a zauren hirarsu bayan kowace Asabar: wa ya harbo wa, wa ya faɗo, wa ya dawo da mai nawa. Na koma baya ina dubawa har idona ya yi yaji. Shekara shida, layin Huɗu kusan iri ɗaya: mai ya ƙare. Mai ya ƙare, ya sauka a gona. Mai ya ƙare, ya bar taya a titi. Mutumin nan ashe totur yake dannawa har ƙarshe ya bi duk abin da ya gifta, ya bar Uku da Allah. Ni kuma na shigo da halin tela, wadda ko ƙyallen da bai kai tafin hannu ba sai ta adana. Rabin tanki! Ni 'yasu.

Ga kuma saƙon Uku, a keɓe. Malamin lissafi ne, magana ɗaya yake yi ya tsaya. "Ko wane ne a kujerar nan, na gode. Shekara shida ban taɓa waiwayawa na ga Huɗu a bayana ba."

Mai-jira kuwa bai iya ɓoye zalamarsa ba. Wata goma sha huɗu yana atisaye da su ranar Laraba, yana jiran wani ya kauce. Ya rubuta a gaban kowa wai shi dai ya ji ana sayar da lamba a wasu ƙungiyoyi, a ɗauko ƙwararre ya zauna a kujerar wani. Wai shi bai ambaci sunan kowa ba. Ka ji munafuki. Ƙwararre! Da ba don haushi ba da na ji daɗi.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Ba na son Talata. Ban bi ta wajen famfon da abin ya faru ba, Yaya na sa ta ɗebo ruwan.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 3:20 na rana

Malamar asibiti mai koya masa motsa jiki da magana ta zo. Ta nuna masa kofi, ya san kofi ne, na ga ya sani, amma kalmar ta maƙale. Ta nuna cokali, haka. Jijiyar wuyansa ta tashi, ya kawar da kai. Na ce, "Malama, ki bar shi haka, ba ɗan makaranta ba ne."

Ta ce, "Hajiya, ki ɗan ba ni minti ɗaya." Sai ta fara ɗaga masa hannun dama tana ƙirgawa, kamar ba da shi take ba. "Ɗaya, biyu, uku..." ta yi shiru.

Ya ce, "Huɗu."

Ba ta fita daidai ba, kamar bakinsa cike da ruwa, amma ita ce. Shi kansa sai da ya firgita. Malama ta ce haka abin yake, abin da baki ya saba jerawa yakan fito da kansa in an ja masa gaba, ko da kalma ɗaya tilo ta ƙi fita. Ta ce ya sake faɗa shi kaɗai, ba tare da ƙirga ba. Ya buɗe baki, babu. Ta ce kar in sa rai da yawa, abin a hankali ne, wasu wata shida, wasu ma... Na ce mata shayinta na hucewa.

Ban yi kuka ba. Albasa na yanka, kuma da ma girkin na buƙatarta.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Na dawo daga kai ɗinki na tarar da kafinta a tsakar gida da sukundireba a hannu, Yaya na nuna masa ƙaramin ɗaki. Na wuce su, na datse ƙofar da kwaɗo, na zura makullin a igiyar awo na rataya a wuyana.

Yaya ta ce, "Amarya, ni kika rufe wa ƙofa a gidan ƙanena?"

Na ce, "Yaya, girmanki ne, amma kujerar nan sai dai a kwance ta da ni a kai."

Ta ce mutum na fama da kansa ni ina fama da wasa. Ta ce duniya za ta zage ni. Na ce duniya ta zo ta ɗaga shi zuwa banɗaki sau biyar a rana, sannan ta zage ni. Kafinta ya ce shi yana da wani aiki a gaba, ya sulale.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 7:40 na yamma

Tun ƙarfe huɗu na ji shi yana jan ƙafa. Ban taimaka masa ba, ban ma waiwaya ba, kujerar roba kawai na tura da ƙafa ta hagun kujerar jirgi. Ya zauna yana huci.

Kira ya zo, na sake rubutawa. Muka tashi. Ina manne da Uku, ina lallaɓa totur yadda na saba, sai ga wani jirgin abokan karawa ya gifta can ƙasa shi kaɗai. Ban kula shi ba, ba aikina ba ne. Kawai sai na ji hannu a kan nawa, ya tura totur har ƙarshe. Jirgi ya zabura, na kusa shiga wutsiyar Uku.

Na ce, "Injiniya, sakar mini!" Na buge hannun. Ya sake turawa. Na ja baya, ya tura. Biyu na ihu a kunnena, "Huɗu, rawa kake yi ko tuƙi?" Na kalle shi don in zazzaga masa masifa, sai na ga rabin bakinsa a sama. Dariya yake yi. Rabi ce, amma rabin nan na san ta, ita ce ta sa na aure shi.

Na bar masa totur, na riƙe sanda da feda. Ba mu harbo kowa ba. Mun dawo da mai ɗan kaɗan a gindin tanki, shi ma don na yi ta satar ja baya ne in ya shagala.

Ina shirin kashewa Jagora ya yi gyaran murya. Ya ce, "Huɗu, uzurin makirfo sau biyu ne a doka. An kawo ƙorafi, kuma ƙorafin na kan ƙa'ida. Asabar mai zuwa da muryarka za ka amsa kira. In ba haka ba, lamba ta tafi."

Ƙarar a buɗe take, Injiniya ya ji komai. Ya zare hannunsa daga totur ya ɗora a cinya.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Sau uku na rubuta wa tsohon nan Jagora saƙo, sau uku na goge. Na farko zagi ne zalla. Na biyu gaskiya ce, ita kuma an hana ni faɗa. Na uku roƙo ne, shi na fi saurin gogewa.

Doka, doka, doka. Kai ka rubuta ta, ba daga sama ta sauko ba. Mutumin da ya gyara maka firiji ta waya, yana gaya maka wayar da za ka taɓa, kana ta godiya, shi za ka kora don ya rasa Asabar? Ta Allah ba taka ba. Kwana shida gare mu, kuma kalma ɗaya ce tak.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Na ƙirga masa sau ashirin, kalmar ta fito sau bakwai. In na yi sauri tana fita, in na ja numfashi tsakanin biyu da uku sai ta ɓace.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Sau tara cikin ashirin. Amma da na sa masa abin kunne, na jawo makirfo gaban bakinsa, ko sau ɗaya. Ya fizge ya yi jifa da shi, ya bugi allon tsakiya. Bai fashe ba. Lafiya lau muke.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Ina kan keke ya shigo, ya ɗauki allin da nake zana yadi da shi, ya yi rubutu da hagu a kan takardar yanka. Ya daɗe yana yi, harufan sun karkace kamar za su faɗi. A BA SHI.

Na ce, "A ba wa? Me?" Na san amsar, so nake ya faɗa.

Ya nuna ƙaramin ɗaki. Ya nuna bakinsa. Ya girgiza kai.

Abin da ke cina tun Talatar nan ya taso gaba ɗaya. Na ce, "Wato ni ce mahaukaciya ko? Na yi faɗa da yayarka, na kori kafinta, na yi wa maza bakwai ƙarya, kai kuma ka ce a ba shi? Tsoro kake ji kar su ji muryarka ta canza? Ta canza ɗin! Ni kullum ina jin ta, na mutu? Shekara shida kana bin jirage har mai ya ƙare maka, yau kalma ɗaya ta kore ka? Ni ban auri matsoraci ba."

Ya tsaya yana kallona. Ba shi da abin da zai rama da shi, kuma na san haka lokacin da nake faɗa. Wannan ne ke damuna. Ya juya ya fita, taku ɗaya-ɗaya, ina jin kowanne.

Takardar tana nan. Ban yaga ba, ban kuma aika saƙon ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Bai ci abinci ba. Ban ba shi haƙuri ba. Na ɗinka hannun riga a baibai, sai da na farke.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 11:15 na safe

Na tsayar da keke don in canza zare, sai na ji murya daga ɗakinsa. Ta Yaya ce.

"Ɗaya. Biyu. Uku. To, ina jin ka. Kai, kar ka yi mini wannan kallon, ni na koya maka ƙirga tun kana yawo ba wando, da tsakuwa a bakin ƙofa, kuma a nan ɗin dai kake tsayawa don taurin kai. Maza. Ɗaya, biyu, uku."

Na ji ta fito. Ta ce, "Ban ji ba, kunnena ya tsufa." Ta sake fitowa da ƙarfi.

Da ta zo wucewa ta ƙofata ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ni har yanzu wasan banza na ɗauke shi. Amma ba wanda zai ƙwace wa ƙanena abu yana kwance. Ƙarfe nawa ne goben?"

Na ce huɗu da rabi. Ta ce in ba ta abin kunnen nan, da shi za su yi na yamma. Na ciro makullin daga wuyana na miƙa mata.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 3:50 na rana

Ya sa in yi masa aski. Ya sa farar rigarsa, kamar wani zai gan shi. Har yanzu bai yi mini magana ba, ko a'ar ma. Na mayar da wayar makirfo inda na cire ta.

Asabar, ƙarfe 8:05 na yamma

Bari in rubuta a jere kafin in manta wani abu.

Shi a kujerar roba da abin kunne, hannu a totur. Ni a kujerar jirgi. Yaya a bakin ƙofa da carbi, wai wucewa take yi. Na buɗe ƙarar don mu ji duka. Jirage takwas a bakin titi, Mai-jira kuma an shigo da shi yana saurare, jirginsa a shirye.

Jagora ya ce, "Tsattsewa, kira. Ɗaya."

"Biyu."

"Uku."

Injiniya ya buɗe baki. Ina ganin maƙogwaronsa na motsi. Babu. Numfashinsa kawai ke shiga makirfo, kuma kowa na jin sa.

Jagora ya ce, "Kira ya tsinke. Daga farko." Suka sake. Babu. Gumi ya jiƙa farar rigar. Na ɗora hannu a gwiwarsa, ya ture.

"Na uku," in ji Jagora, muryar nan tasa kamar mai karanta sanarwa. Ɗaya. Biyu. Uku. Wani sauti ya fito, ba kalma ba, irin wanda nake ji kullum, wanda ya gwammace ya rasa komai da a ji shi. Sun ji. Ya runtse ido. Yaya ta daina jan carbi.

Na miƙa hannu zan fizgi makirfon in wanke tsohon nan tas, in gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, sai na ji ya ce, "Biyu, ban ji ka da kyau ba. Wannan ba ya cikin lissafi."

Biyu, wanda muryarsa ke fasa kunne, ya ce, "Laifina ne, Jagora, burodi ne a bakina."

"Daga farko."

Babu. Sai Uku ya ce, "Jagora, ni na yi jinkiri. A sake." Aka sake. Bakwai, wanda kiran bai ma iso kansa ba, ya ce netwok ɗinsa ya yanke, bai ji komai ba, doka kuwa ta ce kowa ya ji. Aka sake. Injina na ta shan mai a ƙasa, abokan karawa na ta aiko saƙo wai ko mun fasa ne. Ba wanda ya kula su. Ba wanda ya ce sannu, ba wanda ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Da wani ya faɗi haka, na san Injiniya, tashi zai yi.

A na shida ba wanda ya rage da uzuri. Sai wata murya da ban sani ba ta ce, "Jagora, ni ne na yi tari na katse kira. A yi haƙuri." Mai-jira ne. Bai yi tarin komai ba, ina saurare.

Jagora ya ce, "Kar ka sake. Daga farko, kuma da sauri, ba mu da lokaci." Suka jero shi kamar ƙirgar 'yan makaranta, ɗaya-biyu-uku, Yaya na bin su da leɓe.

"Huɗu."

A karkace ta fito, da nauyi, amma ko kurma ya san me aka ce.

"Biyar," in ji Biyar, kamar ba abin da ya faru. Shida. Bakwai. Takwas. Jagora ya ce, "Kira ya cika. A tashi."

Sauran ba sai na faɗa ba. Mai hali ba ya fasa halinsa. Injiniya ya danna totur har ƙarshe, na bi wani jirgi da ba ruwanmu da shi har bayan duwatsu, muka bar Uku da Allah. Mun harbo jirgin kuwa, ni na saita, Injiniya ya yi ihu. A hanyar dawowa injin ya yi tari ya mutu, titi na hango mu muna hango shi. Na sauke mu a gona, taya ɗaya ta yi nata wuri. Kunnena ya kusa fashewa. Biyu na cewa, "Shi ne! Wallahi shi ne!" Yaya ta ce, "To an ci ko an faɗi?" Na ce duka biyun.

Na shiga kicin na rufe ƙofa. Babu albasa a gidan, ta ƙare tun jiya.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Rajista ta fito. "Huɗu: ya harbo ɗaya. Mai ya ƙare, ya sauka a gona."

A ƙasa akwai ƙarin layi. "Tun Asabar ta farko mun san ba hannunsa ba ne, Huɗu bai taɓa dawo mana da mai ba. Ba mu tambaya ba don ba a ba mu izini ba. An ƙara jirage biyu. Goma na Mai-jira ne. Tara na mai riƙe sandar Huɗu ne, duk ranar da Huɗu ya karɓi sandarsa. Kafin nan za ta riƙa amsa kira da muryarta. Doka ce."

Za ta. Har wannan sun sani. Tsohon nan ban yafe masa ba tukuna, kwana shidan da ya sa na yi ba barci sai ya biya. Kuma wa ya ce masa ina so? Na faɗa tun tuni, ba ni da lokacin garada.

Na karanta wa Injiniya yana shan shayi, kofin a hagu, hannun dama a kan tebur inda Malama ta ce a riƙa ajiye shi. Na ce, "Maganar ranar Laraba..." Ya ce, "A'a." Ya ajiye kofin.

Sai ya fara, a hankali, yana kallona. Ɗaya. Biyu ta ba shi wahala. Uku. Huɗu ta fito da ƙarfinta. Ya ci gaba, abin da bai taɓa yi ba, biyar, shida, ya huta, bakwai. Takwas.

Ya tsaya a nan yana jirana, rabin bakin nan a sama.

Na ɗauki kofin na kai kicin, na wanke, na goge, na dawo na zauna. Na bar shi ya jira, shi ma ya ji yadda abin yake.

Sannan na ce, "Tara."